Basamude Mai Barci a Bakin Tafkin Superior: Tarihin Gandu Mai Suna Biyu

A arewa maso yammacin lardin Ontario na ƙasar Kanada, inda gaɓar Tafkin Superior ta lanƙwasa ta yi wani babban mashigi da ake kira Thunder Bay, akwai wani dogon zirin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa ya nufi kudu, tsawonsa kimanin kilomita 52, faɗinsa kuwa wajen 10. Kuma a can ƙarshensa, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya karɓa, waɗansu duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suka jeru bisa wani tsari na ban al'ajabi, wanda duk mai tsinkayarsu daga birnin da ke ƙetaren mashigin babu abin da idonsa zai nuna masa face surar wani basamuden mutum kwance rigingine, ga kai, ga maƙogwaro, ga ƙirji da hannuwa naɗe a bisansa, ga gwiwoyi sun ɗan tashi. Galibin wannan ziri a yau gandu ne na gwamnatin lardi, mai faɗin murabba'in kilomita 244, wanda aka keɓe a shekarar 1944 da sunan Sibley, ya zauna da wannan suna shekara 44, sa'an nan a 1988 hukuma ta sake masa suna Sleeping Giant, wato Basamude Mai Barci. Wanda ya ji labarin a taƙaice zai zaci an tuɓe sunan baƙo ne aka mayar da na 'yan ƙasa, shi ke nan magana ta ƙare. Alhali kuwa wanda ya bi salsalar sunayen nan biyu da haƙuri zai tarar da cewa daga rami guda suka fito, ramin azurfa da aka haƙa a kan wani ɗan falalen dutse a tsakiyar ruwa.

Wajibi ne a fara da tafkin kansa, domin shi ne mai yanke hukunci a wannan ƙissa tun daga farkonta. A cikin tafkunan ruwan daɗi na duniya babu wanda ya kai shi faɗi, gama ya mamaye murabba'in kilomita 82,100, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 406, ruwansa garai-garai amma da tsananin sanyi ko a tsakiyar bazara. Idan kaka ta shigo kuwa, musamman cikin watan Nuwamba, iska takan tayar da igiyoyi irin na teku, daga nan hunturu ya daskarar da mashigai da tashoshin jirage, zirga-zirga ta tsaya cik har sai ƙanƙara ta narke. Faransawa ne suka laƙaba masa sunan da ya zama Superior, nufinsu tafkin sama, saboda yana bisa Tafkin Huron ga mai haurowa daga gabas. Mutanen da suka tarar a gaɓarsa kuwa, Ojibwe, reshe ɗaya na al'ummar Anishinaabe, Gichigami suke ce masa, babban ruwa, kuma a kansa suke rayuwa da su da kwale-kwalensu na ɓawon itace, suna kamun kifi, suna farauta, suna roron shinkafar daji a fadamu. Tun kafin su ma, dubban shekaru da suka shuɗe, waɗansu mutanen farko sun riƙa haƙo jan ƙarfe tsantsa a tsibirin Isle Royale da zirin Keweenaw, suna ƙera mashi da wuƙa da kayan ado, har ramukan da suka bari suna nan ana ganinsu. Ashe ke nan sanin cewa akwai ma'adini a ƙarƙashin wannan ƙasa ba Turawa suka kawo shi ba.

Turawan da suka fara zuwa ba ma'adini ne ya fi damunsu ba, fatu suka zo nema. Tun ƙarshen ƙarni na 17 Faransawa suka kafa zango a bakin kogin Kaministiquia, wanda ke zuba cikin mashigin Thunder Bay daura da basamuden. A farkon ƙarni na 19 kuma kamfanin North West na Montreal ya mai da wurin babbar matattararsa ta cikin ƙasa, ya sa masa suna Fort William a 1807 don girmama shugabansa William McGillivray. Wannan ciniki, duk da illolin da ya zo da su na giya da cututtuka, bai raba Ojibwe da ƙasarsu ba, domin mai sayen fata yana bukatar maharbi ya ci gaba da zama a dajinsa.

Al'amari ya sāke ne a shekarun 1840. Bayan da masanin duwatsu Douglass Houghton ya fitar da rahotonsa a 1841 game da jan ƙarfen da ke kudancin tafkin, cikin jihar Michigan ta Amurka, sai jama'a suka yi ca a kan wannan yanki, kwaɗayin kuma ya ƙetaro arewa, har gwamnatin Kanada ta wancan zamani ta shiga raba wa kamfanoni takardun izinin haƙar ma'adini a gaɓar arewa, alhali ba ta sayi ko taƙi ɗaya na ƙasar daga hannun masu ita ba, ko da yake shelar Sarkin Ingila ta 1763 ta shardanta cewa ba a mallakar ƙasar 'yan asali sai an yi mu'ahada da su a bainar jama'a. Sarakunan Ojibwe suka yi ta aika koke ba a saurare su ba. Da haƙuri ya ƙare, a watan Nuwamba na 1849 Sarki Shingwaukonse da Sarki Nebenaigoching suka jagoranci mutanensu zuwa Mica Bay, suka rufe mahaƙar wani kamfani da ke can. Abin da koke bai samar ba cikin shekaru, wannan yunƙuri ya samar da shi cikin watanni, domin ranar 7 ga Satumba, 1850, a Sault Ste. Marie, wakilin gwamnati William Benjamin Robinson ya ƙulla mu'ahada da sarakunan gaɓar Superior, cikinsu har da Joseph Peau de Chat na Fort William. Aka ba su fam 2,000 a hannu, da fam 500 kowace shekara, aka bar musu waɗansu keɓaɓɓun wurare da 'yancin farauta da su, aka kuma sa wani sharaɗi wanda ya kamata mai karatu ya riƙe shi da kyau: idan ƙasar ta zo tana samar wa gwamnati kuɗin da za ta iya ƙara wannan haƙƙi na shekara-shekara ba tare da ta yi hasara ba, to, za a ƙara.

Daga cikin kamfanonin da suka sami filaye a wancan rabo akwai Kamfanin Haƙar Ma'adinai na Montreal, wanda ya riƙe wani yanki a kudancin zirin shekara da shekaru bai taɓa shi ba. Sai a bazarar 1868 ya aika da wani masanin ma'adinai mai suna Thomas Macfarlane da 'yan ma'aikata su auna filin su ga abin da ke ciki. A cikin wannan aiki ne, a watan Yuli, suka sauka a kan wani ɗan dutse da ke nesa da gaɓa da abin da ya ɗan zarce kilomita ɗaya, dutsen da bai fi farfajiyar gida girma ba, tudunsa bai ɗara mita biyu da rabi bisa ruwa ba, babu itace babu ciyawa, igiyar ruwa na wanke shi duk lokacin da iska ta motsa. A nan suka ga jijiyar ma'adini ta ratsa dutsen ta gangara cikin tafki, da suka duba da kyau kuma sai ga azurfa tsantsa tana walƙiya a ƙarƙashin ruwa. Mutanen suka shiga cikin ruwan nan mai yankan jiki da sandunan ƙarfe suna ɓamɓaro ta, kowa ya ɗan jima sai ya fito jiki na rawa, wani ya karɓe shi. Tun daga ran nan ake kiran wurin Silver Islet, ɗan tsibirin azurfa.

Samun azurfa daban, fitar da ita daban. Masu kamfanin Montreal suka gwada, suka ga cewa haƙa rami a kan dutsen da tafki ke hawa kansa ba ƙaramar kasada ba ce, suka gwammace su karɓi tsabar kuɗi su huta. A 1870 suka sayar da filayensu ga waɗansu attajiran Amurka a kan dala 225,000. Shugaban waɗannan attajirai, wanda ya zama shugaban sabon kamfanin, shi ne Alexander Hamilton Sibley na birnin Detroit. Ga mai sunan nan na farko ya shigo ƙissa.

Amma a gaskiya wanda ya yi fama da tafkin hannu da hannu wani ne daban, William Bell Frue, injiniyan da ya ƙware a mahaƙan jan ƙarfe na Michigan, wanda ya iso a farkon Satumba na 1870 da ma'aikata da injuna da tulin katako. Dabararsa ita ce a harhaɗa manyan akwatuna na gumagumai, a nutsar da su kewaye da dutsen, a cika su da duwatsu su zama garu mai tare igiya, sa'an nan a ciki a gina wani ƙaramin shinge da ruwa ba ya ratsawa kewaye da jijiyar, a zuƙe ruwan da famfo, a fara haƙa. Aka yi haka, azurfa ta fara fitowa. Ba a yi nisa ba guguwar kaka ta zo ta tarwatsa garun. Ya sāke ginawa, ya ninka kaurinsa. Hunturu ya zo da igiya da manyan ɓaraguzan ƙanƙara suka sāke farfasa shi. Haka aka yi ta yi tsakaninsa da tafkin, yana ginawa ana rushewa, kowane karo yana ƙara faɗi da nauyi, yana kuma zuba duk dutsen da aka haƙo daga ramin a bayan garun, har ɗan falalen nan ya ninka girmansa na asali fiye da sau goma, aka gina a kansa ɗakin injin, da rumfar bakin rami, da ɗakunan kwanan ma'aikata. A gaɓa kuma gari ya tashi, da kanti, da makaranta, da coci, da kurkuku, da masana'antar daka dutse. A nan ne Frue ya ƙirƙiro wani injin tace ma'adini mai ɗamarar roba da ke girgiza yana rarrabe mai nauyi da marar nauyi, wanda ya ɗauki sunansa, aka kuma yi amfani da shi a mahaƙan ƙasashe da yawa bayan an manta da inda aka haife shi.

Ramin ya yi ta nutsawa har ya kai zurfin mita 384, ma'ana masu haƙa suna aiki da hasken kyandir can ƙarƙashin gindin tafkin, ruwa na tsatsafowa ta kowace tsaga, babu abin da ya raba su da halaka face famfunan da injin tururi ke juyawa dare da rana, injin kuma ba ya motsi sai da kwal, kwal kuma ba ya zuwa sai ta jirgi, jirgi kuma ba ya tafiya sai tafki ya yarda. Arzikin ya riƙa zuwa yana ɗaukewa: shekarun farko aka kwashi mai yawa, sa'an nan jijiyar ta tsuke, a 1878 aka sāke faɗa wa wani kurtu mai albarka, bayansa kuma aka koma neman abin da ba ya nan. A ƙarshen 1883 jirgin da ke ɗauke da kwal ɗin hunturu ya makara, ƙanƙara ta rutsa da shi a hanya bai iso ba. Mutanen tsibiri suka lallaɓa abin da ya rage, suka koma ƙona itace, har a farkon 1884 wuta ta mutu, famfuna suka tsaya, ruwa ya hau ramin ya cika shi. Jimillar azurfar da aka fitar cikin shekara 16 ta kai ta dala miliyan 3 da dubu 250, kuɗin wancan zamani. An yi yunƙurin farfaɗo da aikin daga baya, bai yi tasiri ba. Wanda ya je wurin da kwale-kwale a ranar da ruwa ya kwanta yana iya hango bakin ramukan baƙi ƙirin a ƙarƙashinsa.

Shi Sibley bai ga wannan ƙarshe ba, domin ya rasu a 1878. Ɗan babban gida ne: mahaifinsa Solomon Sibley alƙali ne a Michigan, kuma ya taɓa riƙe magajin garin Detroit, wansa Henry Hastings Sibley shi ne gwamnan farko na jihar Minnesota, shi ne kuma ya jagoranci rundunar da ta yaƙi mutanen Dakota, waɗanda aka fi sani da Sioux, a 1862, yaƙin da ya ƙare da rataye mutum 38 daga cikinsu rana ɗaya a garin Mankato, ranar 26 ga Disamba. Na kawo wannan ne domin za mu sāke gamuwa da Sioux a nan gaba, a wani matsayi da bai yi musu adalci ba. Sunan ƙanen dai ya manne wa zirin a taswirar gwamnati, saboda haka lokacin da lardin Ontario ya keɓe wurin a 1944, bayan masu yankan katako sun ci rabonsu na dajin, ba a yi wata doguwar shawara ba, aka ɗauki sunan da ke kan taswira aka ba gandun. Garin ma'aikata kuwa bai mutu ba. Gidajen katakon nan suka koma hannun mutanen birni da ke zuwa hutun bazara, kantin kamfanin na 1871 kuma yana nan tsaye a bakin ruwa.

Wannan shi ne isnadin suna na farko, kuma babu duhu a cikinsa: an san mutumin, an san ranar ciniki, an san kuɗin. Suna na biyu shi ne mai bukatar bincike.

Ta fuskar ilmin duwatsu, surar basamuden tana da bayani mai sauƙi. Kimanin shekara biliyan 1.1 da suka wuce ɓawon ƙasa ya tsage a inda tafkin yake a yau, narkakken dutse ya kutsa tsakanin shimfiɗun tsohon dutse mai laushi ya daskare ya zama faifai masu tauri. Zamani ya yi ta tafiya, ruwa da ƙanƙara suka cinye mai laushin, mai taurin ya saura kamar hula a kan abin da ke ƙarƙashinsa, inda kuma ya karye sai ya bar bango a tsaye. Waɗansu daga bangayen nan sun kai mita 250, suna cikin mafiya tsawo a duk lardin, kuma wanda ya bi hanyar ƙafa ya hau kan gwiwoyin, ya leƙa ta tsagar da ke tsakanin duwatsu, ruwan tafki yake gani kai tsaye a ƙasa. Sai dai wanda ke tsaye a kan basamuden ba ya ganin basamude; surar ba ta bayyana sai daga yamma, daga ƙetaren mashigi, inda Fort William da maƙwabcinsa Port Arthur suke.

Ruwayar da ta shahara, wadda ake faɗa wa kowane baƙo, ga yadda take. Wai Nanabijou, babban ruhin Ojibwe, ya yaba da halin mutanensa, sai ya saka musu da nuna musu wata mahaƙar azurfa, amma ya gindaya sharaɗi cewa ranar da Bature ya san wurin, shi zai zama dutse. Ojibwe suka shahara da kayan adon azurfa, abokan gabarsu Sioux suka yi ta neman sirrin ba su samu ba, har suka aika wani magewayi ya ɓad da kama ya shiga cikinsu, ya gano wurin, ya ɗebi 'yan gutsattsari ya kama hanyar gida. A hanya yunwa ta kai shi zangon fataken Turawa, ya biya kuɗin abinci da azurfa; su kuma da ganinta suka ɗura masa giya har ya yarda ya kai su. Suna dab da isa sai hadari ya taso, Turawan suka nutse, aka tsinci magewayin a kwale-kwale ya zautu, da gari ya waye kuma sai ga wani ƙaton dutse mai surar mutum kwance a inda dā bakin mashigi yake a buɗe.

Malamanmu na hadisi sun koya mana cewa ruwaya ana duba ta ta fuska biyu, ta wajen waɗanda suka ɗauko ta, da ta wajen abin da ke cikin matanin kansa. Idan aka auna wannan ƙissa da ma'auni na biyu, nan da nan za a ga alamun zamaninta a jikinta. Akwai fataken Turawa a ciki, akwai giya, akwai azurfa a daidai wurin da Macfarlane ya same ta, don haka a wannan siga tata ba za ta girmi zuwan Turawa ba, kuma zato mafi rinjaye shi ne ta ɗauki kamanninta ne bayan sunan Silver Islet ya cika duniya. Ƙarfen da tarihin tafkin ya san 'yan ƙasa da shi tun fil azal jan ƙarfe ne. Sa'an nan shi Nanabijou, wanda ake kira Nanabozho ko Nanabush a waɗansu yankuna, a tatsuniyoyin Anishinaabe ba sarkin ruwa ba ne mai raba lada da azaba. Ɗan mace ne da iskar yamma, malami ne kuma shaƙiyyi, shi ya sāke gina duniya bayan ambaliya da ɗan turɓayar da wani ƙaramin ɓeran ruwa ya nutso da ita, shi ne kuma wanda wayonsa kan juye a kansa ya sha kunya, kusan yadda Gizo yake a wurinmu in da Gizo yana da darajar waliyyi. An kuma san yadda alƙaluman baƙi suka saba sarrafa labaransa: Henry Schoolcraft ya tattara waɗansu ya buga a 1839, mawaƙin Amurka Longfellow ya ɗauke su a 1855 ya gina doguwar waƙarsa a kansu, ya kuma sa wa gwarzon sunan Hiawatha, wanda na wata al'umma ce dabam ƙwarai, Iroquois.

To amma kada wannan ya sa a yi gaggawar jefar da ƙissar a ce ƙage ce ta masu neman kuɗin baƙi, domin tana da saiwa tsohuwa, kuma saiwar tana da shaidu a rubuce. A wajen 1670 wani malamin mishan Bafaranshe, Claude Dablon, ya rubuta abin da ya ji daga bakin mutanen tafkin game da waɗansu mutum huɗu da suka sauka a tsibirin Michipicoten, suka kwashi jan ƙarfe suka zuba a kwale-kwale, suna barin gaɓa sai wata murya ta bi su tana tuhumarsu da sata, kuma babu wanda ya daɗe a duniya a cikinsu, na ƙarshen ma iyakarsa ya isa gida ya ba da labari. Mai gadin jan ƙarfe a aƙidar Ojibwe shi ne Mishipeshu, damisar ƙarƙashin ruwa mai ƙaho, wadda surarta ke zane da jan launi a jikin dutsen Agawa a gabashin tafkin. Haka kuma ɗan kasuwar fatu Alexander Henry, wanda ya zauna a yankin a shekarun 1760 da 1770, ya ambata a littafin tafiye-tafiyensa cewa akwai wani tsibiri a gabashin tafkin da mutane suka ɗauka makwancin Nanabozho ne, suna ajiye taba a wurin idan za su wuce. Ga ginshiƙai biyu ke nan tun kafin a haifi Sibley: cewa ma'adini amana ce mai mai gadi, wanda ya ɗauka ba da izini ba zai gamu da fushin ruwa, da kuma cewa Nanabozho yana kwance a cikin duwatsun gaɓar nan. Abin da ya faru a Silver Islet, inda baƙi suka haƙa, guguwa ta yi ta rushe musu gini, a ƙarshe tafki ya karɓe ramin, ya dace da tsohuwar fahimtar nan dacewar da ba ta bukatar a ƙara gishiri.

Inda nake da ja da ruwayar shi ne wajen rabon laifi. Ta ɗora tona asiri a kan wani mutumin Sioux guda mai yunwa da waɗansu fatake biyu ko uku marasa suna, ta bar takardun izini na shekarun 1840, da kamfanin Montreal, da attajiran Detroit, ba ta ambace su ba. Ta kuma mai da rasa azurfar sakamakon saɓa sharaɗin da ke tsakanin 'yan ƙasa da ruhinsu, alhali sharaɗin da tarihi ya tabbatar an saɓa shi ne wanda aka rubuta a Sault Ste. Marie. Irin wannan labari yana da daɗin faɗa ga wanda ya gāji ƙasar, domin ba ya neman kome a wurinsa sai ya tsaya ya yi kallo.

Ko ta yaya, sunan basamuden ne ya zauna a bakin mutane. Mazauna garuruwan nan biyu, Fort William da Port Arthur, waɗanda aka haɗe su a 1970 suka zama birnin Thunder Bay, da shi suke buɗe ido kowace safiya, shi ke kan tutar birninsu da allunan shagunansu, Sibley kuwa in ban da masu karatun tarihi babu wanda ya san ko wane ne. Don haka canjin 1988 bin abin da jama'a suka riga suka zartar ne. (Su mutanen wannan birni suna da tarihi da zaɓen suna: a ƙuri'ar da aka yi kafin haɗewar, masu son sunan Lakehead sun fi yawa, amma aka raba musu shi gida biyu a takardar zaɓe, ɗaya da harafin ta'arifi ɗaya babu, sai Thunder Bay ya wuce ta tsakaninsu.) A 2007 ma, da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CBC, ya nemi jama'a su zaɓi abubuwan al'ajabi bakwai na Kanada, basamuden ne ya fi kowa ƙuri'a, amma alƙalan gasar suka fitar da bakwai ɗinsu ba shi a ciki. Sunan Sibley bai gushe ɗungum ba, har yanzu shi ne sunan zirin. Sunan gandun kuma, ko da yake yana nuni ga Nanabijou, da Ingilishi yake, ba da harshen Ojibwe ba.

Saura batun sharaɗin nan na 1850. A 1875, lokacin da azurfar Silver Islet ke kan fita, gwamnati ta ɗaga haƙƙin shekara zuwa dala 4 ga kowane mutum, kuma daga nan ba ta sāke ƙara ko sisi ba, duk da abin da aka kwasa a ƙasar bayan haka na katako da zinariya da sauran ma'adinai. Jikokin waɗanda suka sa hannu suka kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu, har ranar 26 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Kanada, bisa ijma'in alƙalanta, ta yanke cewa gwamnatin tarayya da ta lardin Ontario sun saɓa wannan alkawari kusan shekara 150 ta hanyar da ta zubar da mutuncin Sarauta, ta kuma ba su wata shida su zauna da al'ummomin gaɓar Superior su daidaita a kan diyyar abin da ya wuce, in kuwa ba a daidaita ba gwamnati ta yanke adadin da kanta, kotu kuma tana da ikon duba shi.